Cindo Nawa Ne a Gidan Hamza?

Ibadan, 6 ga Yuli, 2025

Yaya Ɗanjuma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, tare da fatan kana lafiya, kai da Anti Ummukulthum da yara da jikoki. Yaya ƙafar? An ce ka daina tuƙa babur, sai dai a goya ka. Na ce mutanen hanyar Ɗanzomo sun huta, don tun ina 'yar firamare nake jin labarin kajin da ka take. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya gajiya. Ku fa, shuka ta kama?

Wata alfarma nake nema. An sa mini ranar 13 ga Nuwamba in gabatar da laccar da ake yi idan an ba mutum kujerar farfesa, inda zai tsaya gaban jama'a ya faɗi abin da ya yi da shekarunsa. Ni kuwa duk abin da na yi a ilimin gadon halittar ɗan Adam, daga wasiƙarka ya faro.

Ka tuna 1999, ina karatu a Turai, ba halin zuwa gida, na rubuto maka ka lissafo mini zuriyar kakan iyayenmu Hamza Cindo, da waɗanda suka gado yatsansa na shida. Biyu na sani da idona a Gumel, sauran kai ka bi mini su. Ka aiko da mutum sittin da uku, goma sha huɗu a cikinsu Cindo. Da na zana bishiyar gidan sai na ga abin da ban taɓa karantawa a littafi ba. Yatsan ba ya zuwa daga uba zuwa ɗa. Yakan tsallake 'ya'ya gaba ɗaya ya ɓullo a jikoki, kuma maza kaɗai. Na wallafa a wata mujallar masana, aka yi ta magana a kai. Yau masu bincike sama da ɗari huɗu sun kafa hujja da takardar nan, ana koyar da ita a ƙasashen da ban taɓa takawa ba. Shekara ashirin da shida ke nan ina neman abin da ke sa ƙwayar gado ta yi barci a jikin uba ta farka a jikin jika.

Ina so ranar laccar in nuna wa mutane hannuwan kansu, ba zane kawai ba. Don Allah ka bi waɗanda ke raye ka ɗauko mini hoton hannayensu, idan sun yarda. Wanda aka cire wa tun yana jariri, za ka ga ɗan tsiro a gefen ƙaramin yatsa. Ka ci gaba da rubuto mini a takarda kana ɗaukar hotonta da waya. Ina adana rubutunka.

Ƙanwarka kuma taubashiyarka,
Lauratu

Gumel, 20 ga Yuli, 2025

Farfesa 'yar Rahama,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi, gero ya kai gwiwa, riɗi ma ya yi kyau bana. Ummukulthum na taya ki murna, ta ce ki aiko da ankon. Maganar kaji kuwa ƙazafi ne, agwagwa ɗaya ce, ita ma ita ta zo ta same ni.

Ikon Allah. Mutum ya yi ta karatu har kansa ya yi furfura, a tambaye shi sana'arsa ya ce ƙirga yatsun mutane. Amma kada ki ga ina tsokanarki. Shafin nan da kika rubuta godiya ga Malam Ɗanjuma Abdu na Gumel yana nan a firam a zaure, sama da takardar ritayata ta hedimasta. Duk baƙon da ya zauna sai na fassara masa, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Ranar Alhamis na shiga kasuwar Maigatari. Na sami Cindo mai igiya a inda yake zama tun fil azal, bayan karar shanu, yana ciniki da wasu mutanen Damagaram. Da na ce hannunsa na zo gani sai ya ce, "Malam, duba ka koya da tsufanka? In ka ga zan yi arziki ka faɗa mini yanzu, kwana ya ƙure." Ya miƙo, na juya su gaba da baya har mutane suka fara taruwa. Yatsu biyar-biyar, gefen hannun sumul, ba tsiro ba tabo. Na ce ina naka yatsan? Ya ce, "Wane yatsa? Ni sunan Kaka na ci, ba hannunsa ba. Hamza aka raɗa mini, tsohon da kansa ya riƙa ce mini Cindo ƙarami, shi ke nan ya bi ni." Ga hoton nan dai na haɗo, ko zai yi miki amfani.

Ni ma ina da tambaya, tunda na sami farfesa a gida kyauta. Ita ƙwayar gadon nan, a ina take zaune? A jini, ko a ƙashi? Kuma yaya aka yi ta san wannan ɗa ne ta wuce shi, wancan jika ne ta sauka? Na shekara talatin da biyar ina koyar da yara ban ga abin da ya san lissafi haka ba. Ki yi mini bayani da Hausa, in Yarabanci bai cinye miki ita ba.

Yayanki,
Ɗanjuma

Gumel, 2 ga Satumba, 2025

Lauratu,

Sallama da gaisuwa. Lafiya kuwa? Mako shida ke nan ba amsa. Waya ta nuna mini kin buɗe saƙon tun ranar da na tura. Na kira sau uku, ba ki ɗauka ba. Ummukulthum ta ce bakina ne ya jawo, wai ba a ce wa farfesa mai ƙirga yatsu. In haka ne ki yi haƙuri. Ni jikan namiji ne ke jikar mace, in ban tsokane ki ba wa zan tsokana? Mu dai lafiya, sai zazzaɓin damina da ya zagaya gidan ya fita.

Ban zauna ba. Na je Gagarawa na ga Cindo biyu. Ɗaya yana da ɗan tsiron da kika ce, kamar ƙwayar dawa. Ɗayan ba komai, shi ma takwara aka yi wa kakansa. A Ɗanzomo na sami uku, ɗaya ne mai tsiro. A hanyar dawowa abin ya fara yi mini kai-kawo a zuciya, har mai babur ya tambaye ni ko da shi nake magana.

Daga nan na wuce Sule Tankarkar wajen Inna Mansura. Ba lallai ki tuna ta ba. Uwarta ce ungozomar gidan Hamza, ita kuma ta gaje ta. Ta haura casa'in, ido ya tafi, amma kan nan garau. Na ba ta labarin abin da kika gano, cewa yatsan maza kaɗai yake bi. Ta yi dariya har sai da aka ba ta ruwa. Ta ce, "Maza kaɗai? Wa ya faɗa mata? Ai mata sun fi yawa. Namiji in ya zo da shi a ɗaure da gashin wutsiyar doki, a yi ta ce masa Cindo, ba ruwan kowa. 'Ya mace kuwa kafin suna an ɗaure, ya bushe ya faɗi, kuma ba mai sake ɗaga maganar. Wa zai bari a bi 'yarsa da wannan suna har ɗakin miji? Ko ubanta wani lokacin ba ya sani."

Na so ta lissafo mini su, ta ce ta gaji, in dawo da goro mai kyau ba irin wanda na kawo ba. Abin ya ba ni sha'awa ƙwarai. Shekara saba'in ina cikin gidan nan ban san mata na ɓoye yatsu ba. Ki ce wani abu, ko zagi ne.

Ɗanjuma

Ibadan, 9 ga Satumba, 2025

Yaya,

Ina gaisuwa, Allah ya ƙara wa masu zazzaɓi lafiya. Jikina lafiya. Ba tsokanarka ta hana ni amsa ba, kunya ce da tsoro.

Ranar da na karanta maganar mai igiya na buɗe akwatin tsofaffin takarduna, na sami kwafin wasiƙar da na aiko maka a 1999. Ga abin da na rubuta da hannuna: "Cindo nawa ne a gidan Hamza, kuma ɗan wa da wa ne?" Ni yatsa nake nufi. Kai ka ƙirgo masu sunan.

Ka tambaye ni yadda ƙwayar gado ta san ɗa ta san jika. Ba ta sani ba, Yaya. Mu ne muka sani. A gidanmu ba a sa wa yaro sunan ubansa, sunan kakansa ake sa masa, laƙabin ya biyo. Abin da na ga yana tsallake 'ya'ya yana sauka kan jikoki maza, suna ne. Al'adar raɗin suna na zana, na kai wa duniya na ce gadon jini ne. Na haddace littattafan Turawa, abin da kowace tsohuwa a Sule Tankarkar ta sani ya wuce ni.

Sauran ayyukana suna nan daram, don da jinin mutane na yi su, na kuma ga masu jinin da idona. Amma wannan takardar ita ce aka san ni da ita. Akwai ɗalibata, Nana Firdausi, shekara uku tana neman abin da ke sa ƙwayar nan barci, saura mata shekara ɗaya ta gama digirin dakta. Kullum ta gaishe ni sai in ji kamar na ci amanarta.

Ba wanda ya san wannan sai ni da kai. Ba Baturen da zai je bayan karar shanu ya juya hannun mai igiya. Zan iya yin laccata da zanen kawai, a tafa, a ci shinkafa, a watse. Ko kuma in rubuta wa mujallar in ce a janye takardar, in tsaya gaban waɗanda na koyar in faɗa musu. Ban yanke ba tukuna. Wallahi ban yanke ba. Abu ɗaya na sani, ko me zan yi, zan cire sunanka daga ciki.

Ka dakata da ɗaukar hotunan.

Lauratu

Gumel, 28 ga Satumba, 2025

Farfesa Lauratu,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, an fara yankan gero. Na daɗe ban amsa ba don Ummukulthum ta ƙwace biron ta ce sai na huce. Ban gama hucewa ba, amma na karɓo abina.

Za ki cire sunana. To, madalla. Shekara ashirin da shida ina cikin godiya, ranar da abu ya ɓaci an kama tsohon malamin ƙauye an jefar ta taga. Kin san yadda na tattaro sunayen nan? Hutun makaranta guda na kashe a kan keke, rairayin Sule Tankarkar na cinye mini taya, ina bin gida-gida ana ba ni fura ana tambayata ko ƙidayar gwamnati ce. Kin ce Cindo nawa ne, na kawo miki Cindo, ban rage ko ɗaya ba. Da kin ce yatsa, da yatsa na duba. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Na sauke firam ɗin daga bango, na kifa shi a kan kabad.

Kwana biyu da yin haka na ɗauko shi ina kallon zanen da ke jikin shafin. Sai na ga ni ma ban kyauta ba. Mai igiya tare muka yi wasan langa, na san hannunsa kamar nawa. Na san karatun likitanci kike yi, ba aikin liman ba. Me zai sa ki tambayi suna? Ban tsaya na yi tunani ba, daɗi ya ɗebe ni an aiko mini wasiƙa daga Turai. Saboda haka kuskuren namu ne mu biyu, kuma ba ki da ikon ɗauke rabona ki kai wani wuri. In za a tafa, a tafa da ni. In dariya za a yi, ina nan, na saba, na koyar da 'yan aji ɗaya.

Shawarar abin da za ki yi kuwa ba zan ba ki ba, kujerarki ce. Amma kin ce in dakata, ban dakata ba. Na sayi goro fari manya na koma wajen Inna Mansura sau uku. Na zana bishiyar a bayan kalanda yadda na ga kin yi, maza ɗan akwati, mata da'ira, mai yatsa a cike shi da baƙi. Tana faɗa ina cikewa, wanda ke raye in je in duba hannun da kaina. Matan kuwa, Ummukulthum ce ke shiga ta duba. Cikin goma sha huɗun da na ba ki, biyar ne na gaske. Amma mun sami wasu goma sha ɗaya da ba a taɓa ce musu Cindo ba, tara mata. Da na gama na ja baya na duba, ba inda ya tsallake. Duk mai shi, uwarsa ko ubansa na da shi. Ya sauko tiryan-tiryan kamar igiyar guga.

Akwai abin da na yi ta juyawa ko in rubuta ko in bari. Inna ta ce kakarki Ummulkhair da shi aka haife ta, hannu biyu. Sannan ta ce, "Rahama ma, a hannun hagu. Ina budurwa lokacin, ban daɗe da fara bin mahaifiyata wajen karɓar haihuwa ba. Ni na riƙe hannun, ita ta ɗaure." A zanenki kin bar da'irar mahaifiyarki fara. Ban cike ta a kalandar ba, na ga ba ni ya kamata in yi ba.

Allah ya jiƙan Rahama.

Ɗanjuma Abdu

Ibadan, 12 ga Oktoba, 2025

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Anti Ummukulthum, a yi mata godiyar biron da ta ƙwace da hannuwan da ta duba. Allah ya sa albarka a amfanin gona. Ni lafiya, kuma na fi samun sauƙi yanzu fiye da duk watannin nan.

Ka yi mini mummunar fahimta, amma ni na jawo, na sake rubuta maka jimla mai fuska biyu. Nufina in zan tona kuskuren, ba zan bari a ambaci sunanka a cikinsa ba, don kada a ce wani malami a Gumel ne ya ɓata aikin. Kare ka na so yi. Yanzu na gane ba ka nemi kariya ba. Ka mayar da firam ɗin bango, ka bar wuri a gefensa.

Ranar Litinin na kira Nana Firdausi ofis na shimfiɗa mata hoton kalandarka. Ta daɗe tana kallo, ta yi kuka, ni ma na yi. Da ta share ido sai ta ce, "Farfesa, shi ya sa shekara uku ban sami komai ba. Na ɗauka ni ce ban iya ba." Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo, kuma ita ta yanke mini shawara. Washegari na aika wa mujallar cewa a janye takardar, na bayyana dalili ban rage komai ba. Za a yi surutu. Wasu da suka gina aikinsu a kan nawa ba za su yafe mini da wuri ba, kuma suna da gaskiya. Shugaban sashenmu ya ce in ɗage laccar har ƙura ta lafa, na ce a bar ta a ranarta.

Da kalandarka zan buɗe. Zan gaya musu yadda suna ke tafiya a gidanmu da yadda mata ke rufa wa 'ya'yansu asiri, don duk mai zana bishiyar wani gida a ƙasar nan ya san abin da zai tambaya, da wanda zai tambaya. Bayan lacca ni da Nana Firdausi za mu zo mu bi gidajen da kanmu, ta gama digirinta da aikin gaskiya. Sabuwar takardar sunaye huɗu za ta ɗauka in kun yarda, har da kai da Inna Mansura, a sama, ba a layin godiya ba. Ka zo Ibadan ranar, ka zauna a gaba. In an yi dariyar mu raba.

Maganar Umma. Ina da shekara tara ta rasu, fuskarta ma sai na duba hoto. Amma da na karanta wasiƙarka sai na ji abin a yatsana. In tana yi mini kitso nakan kama hannunta na hagu in yi ta murza wani ɗan ƙulli a gefensa, tana cewa in sake ta ta yi aiki. Na duba hannun mutum ya fi dubu a rayuwata, na rubuta yadda ake gane tsiron nan, na koyar da shi, ban taɓa haɗa shi da hannun da na fara riƙewa ba. Na ɗauko zanena na asali na cike da'irarta da baƙar tawada.

Saura tambaya ɗaya, kuma wannan karon na karanta ta sau uku kafin in aiko, ma'anarta ɗaya ce. In ka koma Sule Tankarkar ka gaishe mini da Inna Mansura, ka ce 'yar Rahama ce ke tambaya: ranar da ta riƙe hannun nan aka ɗaure, Umma ta yi kuka sosai?

Ƙanwarka,
Lauratu